Nababa Mai Dangwala Biyu

A shekarun nan da buhun takin zamani ya fi tunkiya tsada, tuwon dare ya koma sai gidan wane da wane, an yi wani mutum a Tudun Gawo, can arewa da Ɗambatta, ana ce masa Nababa. Gonarsa ɗaya ce tal, 'yar gado, wadda in ka tsaya a wannan bakin ka yi atishawa, na wancan bakin zai ce maka yarhamukallahu. Amma in ka ji shi a majalisar gindin gawo bayan la'asar, sai ka rantse shi ke ba gwamna shawara. Ba a taɓa ambaton wani babban mutum a rediyo ba face Nababa ya ce sun taɓa cin tuwo a kwano ɗaya, ko kuwa shi ya nuna masa hanyar tasha ranar da ya fara shiga Kano.

Ƙasar Tudun Gawo ta gaji. Tun kaka da kakanni ake noma ta ba hutu, gona manne da gona, saboda haka duk wanda bai kai mata taki da rani ba, ita ma ba ta san shi ba ranar girbi. Abin da ya rufa wa Nababa asiri shi ne matarsa Hure da awakinta. Shekara guda take yi tana share garke, tana haɗawa da toka da sharar tsakar gida tana tarawa a bayan ɗaki, har juji ya kai ƙirjin mutum. Shi nasa aikin shi ne ya kawo wa awaki harawa, in rani ya yi ya kwashe takin ya kai gona. Da wannan jujin gidan ke samun geron da zai kai su wata damina.

Ana nan sai zaɓen 'yan majalisar tarayya ya ƙarato, aka ce duk jam'iyyar da ta kwashe kujeru ita za ta kafa gwamnati. Jam'iyyu biyu ne suka fi ƙarfi. Akwai mai mulki, alamarta akushi, akwai mai adawa, alamarta faifai. 'Yan Faifai na cewa lokaci ya yi da za a rufe akushi, an ci ya isa. 'Yan Akushi na cewa ba a taɓa zuba miya a faifai ba. Kowace kuwa alkawarinta ɗaya ne ga manoma, wato taki.

Nababa ya kwana yana juya maganar, ya tashi da dabara. Ya wanke rigarsa ta Juma'a ya tafi wajen Alhaji Lawan, jagoran Akushi na yankin, ya gaya masa akwatin Tudun Gawo a aljihunsa yake, har jariran da ke goye in ya ce su dangwala za su dangwala. Alhaji Lawan ya ce in akwatin ya zo musu cif, to Nababa ne zai riƙa raba taki a Tudun Gawo, amma sai ya rantse. Nababa ya rantse ba ko gargada. Da ranar kasuwa ta zagayo sai ya nemi Ɗan Iya, jagoran Faifai, a bayan rumfar masu hatsi, ya sayar masa da akwatin nan dai, a kan alkawarin nan dai, ya sake rantsewa. Ya komo gida yana tafiya kamar wanda aka naɗa. A lissafinsa, ko Akushi ta ci ko Faifai, tirelar taki a ƙofar gidansa za ta tsaya.

Lokacin kuwa kowa ya duƙufa kai taki gona, jakuna na ta kaiwa da komowa da mangaloli, shi Nababa yana kishingiɗe a gindin gawo. Maƙwabcinsa Kassimu, wanda taubashinsa ne kuma gonarsu iyaka ɗaya, ya tsaya da jakinsa ya tambaye shi ko jira yake damina ta zo ta kwashe masa jujin.

Nababa ya ce, "Ni da kashin awaki kuma har abada. Mutumin da zai riƙa auna wa gari taki fari tas kamar gishiri, shi za a gani yana wari? In kana so je ka kwashe, na ba ka duniya da lahira."

Kassimu ya juya ya dubi majalisa ya ce, "Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Duniya da lahira ya ce."

Kafin a kira magariba jakin Kassimu ya san hanyar bayan ɗakin Hure. Ita kuwa ta fito da muciya a hannu, ta tarar ana yashe aikinta na shekara, ta tambayi mijinta ko shi ya yi kashin da har yake kyauta da shi. Nababa ya ce mata ta kwantar da hankalinta, harkar manya ce, bana sai ta gaji da daka. Hure ta ce Allah ya sa, don ita dai ba ta taɓa ganin an tuƙa tuwo da alkawari ba.

Matsalar farko ta ɓullo ne daga ƙyauren zaure. Kowace jam'iyya ta ba shi fasta ya manna, shi kuwa ya dama ƙullin gari ya liƙa ta Akushi a wajen ƙyaure, ta Faifai a ciki. In ya ji jiniyar 'yan Akushi sai ya ja ƙyaure ya rufe, in ta 'yan Faifai ce sai ya wangale shi har ya jingina da bango. Abin ya yi ta tafiya daidai, sai ranar da Alhaji Lawan ya zo da tawagarsa. Nababa na tsaye gaban rufaffen ƙyaure yana zuba jawabi, yana cewa a gidan nan ko kaza ba ta san wata jam'iyya ba sai Akushi, sai ga wata akuyar Hure ta turo ƙyauren ta fito, rabin fastar Faifai na lilo a bakinta, ƙanshin ƙulli ya ja ta.

Alhaji Lawan ya dubi akuya ya dubi Nababa.

Nababa ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Horar da su na yi. Duk inda suka ga ta 'yan adawa, cinyewa suke."

Tawaga ta ɗauki tafi, wani ma ya ce a ba akuyar nan katin jam'iyya. Ba su kai ga shiga mota ba akuyar ta gama da waccan, ta miƙe da ƙafafun gaba ta fara yagar ta Akushi. Nababa ya rufa mata riga ya ja ta ciki, yana cewa sumbatarta take yi.

Babbar matsalar kuwa ba ta Nababa kaɗai ba ce, ta gari ce duka. 'Yan Akushi sun zo sun raba taliya da sabulu, suka sa kowa ya rantse su zai zaɓa. 'Yan Faifai suka biyo baya da gishiri da atamfa, su ma suka sa aka rantse. Mutane kuwa ga yunwa, wa zai mayar da hannun kyauta baya? Kowa ya karɓa nan ya karɓa can. Da zaɓe ya matso, taliya ta ƙare, sai rantsuwa ta tsaya wa mutane a maƙogwaro, musamman tsofaffi masu tunanin kabari. Aka je wajen liman. Liman ya ce wanda ya karya rantsuwa sai kaffara, ya ciyar da miskinai goma, in ba hali ya yi azumi. To mai ciyar da miskinai goma babu shi a garin, don kowa miskinin ne. Azumi kuwa, wani ya ce ai tun bara ake yinsa, niyya ce kawai ba a ɗaura ba.

A nan Nababa ya ga ranarsa ta zo. Ya tara jama'a a ƙofar gidansa, ya hau turmi, ya ce kowa ya ɗaga hannuwansa ya duba. Allah da ya yi wa ɗan Adam babban yatsa biyu bai yi a banza ba. Ran zaɓe kowa ya dangwala wa Akushi da ɗaya, ya dangwala wa Faifai da ɗaya, shi ke nan ya fita haƙƙin kowa, ba kaffara ba azumi. Ya ce shi ya san cikin abin, akwai wata na'ura a Abuja da ke karɓar irin wannan ƙuri'a ta raba ta biyu daidai wa daida kamar rabon gado, ya taɓa tsayawa kusa da ita har ya ji ɗuminta.

Wani ya tambaya wace jam'iyya za a ba hannun hagu, tunda kowa ya san aikin da ake yi da hagu. Nababa ya ce kowa ya duba wadda kayanta ya fi kaɗan. Nan gardama ta ɓarke tsakanin masu ganin taliya ta fi atamfa da masu ganin atamfa ta fi daɗewa, har sai da aka raba wasu dattawa biyu. Iya Barira, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a garin, ta ce ita fa akwai wata ƙaramar jam'iyya mai alamar tsuntsu da ta ba ta ashana, ita ma ta rantse mata. Nababa ya ce ta ƙara da ɗan ali, na'urar ta iya rabon uku.

Aka kwaɓa baƙin tukunya da man gyaɗa aka shiga gwaji a bangon zaurensa. Kafin rana ta faɗi bangon ya koma kamar jikin zabuwa, rigunan mutane ma haka. Kassimu na tsaye gefe yana goge haƙori da asuwaki, ya ce shi dai abin da ya ji daga bakin kakansu, taura biyu ba ta taunuwa.

Nababa ya ce, "Kakanmu da ya faɗi haka ba shi da haƙori ko ɗaya."

Kassimu ya ce, "Kai ma kana hanya."

Ranar zaɓe Tudun Gawo ta fito ƙwai da kwarkwata. Aka yi layi a filin firamare, Nababa na zagayawa cikin babbar riga, yatsunsa biyu a sama, yana tunatar da mutane da ido. Wakilin Akushi ya gan shi ya yi murmushi, wakilin Faifai ya gan shi ya gyaɗa kai, kowanne na jin nasa ne. Malamin zaɓe, wani dogon mutum mai tabarau, ya yi ta mamakin yadda tawada ke ƙarewa da wuri, da yadda tsofaffi ke daɗewa a bayan labule suna nishi.

Bayan la'asar aka juye akwati a kan tebur gaban kowa. Alhaji Lawan ya iso ya tsaya a dama, Ɗan Iya a hagu, Nababa ya kutsa tsakiya ya harɗe hannu. Malamin zaɓe ya ɗaga ta farko ya duba, ya nuna wa jama'a, ya ce ta lalace, ya ajiye gefe. Ya ɗaga ta biyu, ta lalace. Ta uku, ta lalace. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ci gaba. Can ya ɗago wata mai dangwale uku har da wani ɗan ƙari a gefe, Iya Barira ta ce tata ce, na huɗun na albarka ne.

Nababa ya yi gyaran murya ya ce wa malamin kada ya wahalar da kansa, ya tattara su kawai ya aika Abuja, na'ura ta san aikinta. Malamin ya tambaye shi wace na'ura. Nababa ya ce mai rabon gado. Malamin ya dube shi har ya gaji, sannan ya ce shi dai abin da ya sani, ƙuri'ar da aka dangwala wa biyu ba ta kowa ba ce, ambulan daban ake zuba ta a ɗaure. Ya ci gaba da ɗagawa yana ajiyewa, tsibin lalatattu na tashi. Waɗanda suka tsira ba su cika tafin hannu ba, su ne na gidan Kassimu, duk na Faifai.

Kassimu ya leƙa tsibin ya ce, "Nababa, ashe wani jujin ka sake tarawa. Wannan ma ka ba ni duniya da lahira?"

Alhaji Lawan ya ce ai shi Nababa ya rantse wa. Ɗan Iya ya ce ƙarya ne, shi ya rantse wa, a bayan rumfar masu hatsi. Suka dubi juna, suka dubi inda Nababa yake, sai takalmi ɗaya. Tun da aka fara yaƙin neman zaɓe ba a taɓa ganin 'yan Akushi da 'yan Faifai sun haɗu a kan abu ɗaya ba sai ranar, sun ɗunguma kafaɗa da kafaɗa suna bin mutum guda. Bayansu ga tsofaffin gari da sanduna, waɗanda suka gane yanzu rantsuwa biyu suka karya a maimakon ɗaya.

Nababa ya tsallake danga, ya bar rabin babbar riga a jikin ƙaya, ya faɗa gida ya haye rumbu ya ja murfi. Da masu binsa suka yi sallama, Hure ta fito ta ce ita ba ta ga kowa ba, amma tana roƙon arziki kada a taɓa mata rumbu, don rabonta da ta ga wani abu a cikinsa tun watan azumi. Dariya ta kashe wa mutane jiki, suka watse, wasu na cewa a bar shi gara ta ji da shi.

Yana cikin rumbun rediyo ta faɗi sakamako. Faifai ta kwashe kujeru, gwamnati ta sauya hannu. Nababa ya sauko yana kakkaɓe ƙaiƙayi, kafin ya kai gindin gawo ya riga ya gyara labari. Ya ce duk shiri ne. Wa ya hana Akushi ƙuri'un Tudun Gawo in ba shi ba? Shi ya kayar da gwamnati da yatsa biyu, sabuwar kuwa ta san da haka, jira kawai take ta zauna daidai ta neme shi.

Ba ta neme shi ba har aka yi ruwan shuka. Da labari ya zo cewa sabuwar gwamnati ta kawo taki ana rabo a wani sito a Ɗambatta, Nababa ya ari jakin Kassimu da mangala, ya ce ko tirelar ba ta samu shigowa ba saboda taɓo, zai fara jigila da wannan. Rabin majalisa ta bi shi don kallo.

Suka tarar da cincirindon manoma a ƙofar sito. A kan kujerar rabo kuwa wa za su gani? Alhaji Lawan ne, sanye da hula mai hoton faifai, sabuwa ƙal. Ashe tun ba a gama karanta sakamako ba ya sauya sheƙa, ya shigo da mutanensa da motocinsa, aka ba shi jagorancin yanki. Ɗan Iya, wanda ya sha rana shekara da shekaru yana yi wa Faifai wahala, yana tsaye a bayansa riƙe da lema.

Nababa ya ture mutane ya isa gaba, ya yi gaisuwa ta manya, ya ce ga mai rabon Tudun Gawo ya iso. Alhaji Lawan ya ce Tudun Gawo ba ta zaɓi kowa ba, don haka kowa ma bai zaɓe ta ba. Abin da garin ya samu shi ne rabin buhu na gidan Kassimu, shi ma a gode wa Allah.

Nababa ya ce, "Alhaji, a yi adalci mana. Kai ma fa biyu ka dangwala."

Alhaji Lawan ya gyara zaman hularsa ya ce, "Ɗaya bayan ɗaya na yi, Nababa. Ka tsaya ka ga wanda ya ci tukuna. Shi ya sa nake kan kujera kake kan jakin aro."

Filin ya kaure da dariya, har Ɗan Iya sai da lemar ta karkace a hannunsa, ko da yake tasa dariyar ba ta kai ciki ba. Aka ɗora wa jaki rabin buhun Kassimu, Kassimu ya haye baya, Nababa ya tako a ƙasa har Tudun Gawo. A hanya ya sassauta murya ya ce wa taubashin nasa, maganar jujin nan fa wasa ne irin na taubasai, ko mangala biyu a mayar masa. Kassimu ya ce juji ya daɗe da shiga ƙasa, kuma kyautar duniya da lahira ce, sai dai in sun haɗu can su sake magana.

Damina ta yi kyau a shekarar. Geron Kassimu ya tashi baƙi ƙirin, kansa kamar damtsen ƙato, mutum a kan jaki ya shiga sai ya ɓace. Na Nababa a gefensa ya tsaya iya gwiwa, rawaya fatau, ko tsuntsu ba ya sauka. Hure ta je ta gani sau ɗaya, ta komo ta sayar da akuya ta sayi dawa, ta kuma sa aka kewaye sabon jujinta da ƙaya, ta ce ko Nababa ya zama shugaban ƙasa kada ya kuskura ya bi ta bayan ɗakin.

Shi kuwa sai ya daina zuwa gindin gawo, ya ɗauke tabarmarsa ya koma bakin hanya, daidai kan iyakar gonakin biyu, inda baƙi ke wucewa. Ran nan wani mai keke ya tsaya ya riƙe baki, ya yi masha Allah, ya tambayi Nababa ko gonarsa ce wannan.

Nababa ya miƙe ya nuna geron Kassimu daga wannan kusurwa zuwa waccan ya ce, "Gonar ta wani yarona ce, amma aikin nawa ne. Duk abin nan da kake gani, kashin gidana ne."

Mai keke ya jinjina, ya ce lalle gidan akwai albarka. Sai idonsa ya faɗa kan ta gefe, ya tambaya wannan abar tausayin kuma ta wane ne.

Nababa ya dube ta a kaikaice, ya tofar da yawu ya ce, "Rabu da ita. Ta wani sakarai ce da ya zauna jiran gwamnati."